Rage cin nama da sauyin yanayi: Ina makomar mai kiwo a Utai?

Duk ranar Juma'a, tun kafin hantsi ya dubi ludayi, hanyoyin da suka fito daga Utai da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Wudil kan cika da masu kai dabbobi Kara. Wani ya koro bijimin da ya shafe watanni yana turkawa, wani kuma ɗan akuyar mahaifiyarsa ya ɗauko a kan babur domin a samu kuɗin magani. Kafin rana ta faɗi dillalai sun karɓi la'adarsu, an loda tireloli, sun kama hanyar Legas da Fatakwal da sauran biranen Kudu.

Kasuwar shanu ta Wudil, mai nisan kimanin kilomita 40 daga birnin Kano, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi a Najeriya. Makiyayi da mai kiwon turke da dillali da mahauci da direba da mai sayar da harawa, har da mai tuwo-tuwo a bakin kasuwa, duk a nan abincinsu yake.

A daidai wannan lokaci kuma, wani kira na ƙara ƙarfi daga ƙasashen Turai da Amurka, cewa idan ana son a tsirar da duniya daga ɗumamar yanayi, tilas ne ɗan Adam ya rage cin nama, musamman na shanu. Kiran ya fita daga ɗakunan bincike ya shiga majalisun dokoki. A shekarar 2024 ƙasar Denmak ta cimma matsayar fara karɓar haraji a kan iskar da dabbobin gona ke fitarwa daga shekarar 2030, yayin da Niyuzilan ta janye irin wannan shiri a shekarar bayan manoma sun yi masa ca.

Shin da gaske rage cin nama na taimakawa? Idan kuma yana taimakawa, wa ya kamata ya rage: mai cin nama sau uku a yini, ko wanda sai Babbar Sallah tukunyarsa ke ganin tsoka?

Yadda saniya ke shiga lissafin yanayi

Shanu da tumaki da awaki da raƙuma dabbobi ne masu tuƙa. A cikin tumbinsu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke narkar da ciyawa da kara, abincin da cikin mutum ba zai iya sarrafawa ba. Wajen wannan aiki ne ake samar da wata iska mai suna metan, kuma galibinta ta baki take fita, ta hanyar gyatsa.

Metan na da ƙarfin riƙe zafin rana a sararin samaniya fiye da iskar kabon da motoci da masana'antu ke fitarwa. Idan aka auna a tsawon shekara 100, ƙarfinta ya ninka na kabon kusan sau 28, a tsawon shekara 20 kuwa ya kai kimanin sau 80. Sai dai ba ta daɗewa: cikin shekara 12 ko makamancin haka takan narke, alhali kabon na iya shafe ɗaruruwan shekaru a sama. Wannan ne ya sa masana ke ganin rage metan a matsayin hanya mafi sauri ta sassauta ɗumamar duniya. A taron sauyin yanayi na birnin Gilasgo a 2021, ƙasashe fiye da 100, ciki har da Najeriya, sun yi alƙawarin rage ta da kashi 30 cikin 100 kafin 2030.

Ba gyatsa kaɗai ke cikin lissafin ba. Kashin dabbobi idan aka tara shi a jiƙe yana fitar da metan, takin zamanin da ake zuba wa gonakin abincin dabbobi yana fitar da wata iskar mai suna naitiros, sannan akwai sare dazuka domin buɗe wuraren kiwo. A dajin Amazon na ƙasar Brazil, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da naman shanu zuwa kasuwannin duniya, mafi yawan filin da aka sare ya koma makiyayar shanu ne. Haka nan kusan kashi uku cikin huɗu na waken suyar da ake nomawa a duniya cikin dabbobi yake tafiya.

Abin da alƙaluma suka nuna

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta yi wannan lissafi sau uku. A 2006 ta ce kiwo ne ke haddasa kashi 18 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya. A 2013 ta ce kashi 14.5 ne, sannan a 2023 ta dawo da shi kashi 12. Bambancin ya samo asali ne daga sauyin hanyoyin aunawa da kuma ƙaruwar hayaƙin sauran fannoni. A lissafin 2013 da na 2023, shanu ne ke ɗauke da fiye da kashi 60 cikin 100 na kason dabbobi.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Joseph Poore na Jami'ar Oksfod da Thomas Nemecek na ƙasar Suwizalan, wanda mujallar Science ta wallafa a 2018. Sun tattara bayanan gonaki sama da 38,000 a ƙasashe 119. Sun gano cewa, a matsakaicin lissafi, samar da kilo ɗaya na naman shanun da aka kiwata domin yanka na fitar da iskar da ta yi daidai da kusan kilo 100 na kabon. Na tumaki kusan kilo 40 ne, na kaji kusan 10, wake kuwa bai kai kilo 2 ba. Sun kuma nuna cewa kiwo da noman abincin dabbobi sun cinye kashi 83 cikin 100 na filayen noma na duniya, amma kashi 18 kacal na kuzarin abinci da kashi 37 na furotin suke samarwa.

Saboda haka maganar tana da tushe. Idan mutumin da ke cin naman shanu kullum ya koma cin wake da kaza a mafi yawan ranaku, iskar da ake fitarwa saboda cikinsa za ta ragu ƙwarai. Wanda ya ce batun ƙage ne na Turawa bai yi wa kimiyya adalci ba.

Amma kashi 12 ko 14 ba shi ne kashi 100 ba. Kimanin kashi uku cikin huɗu na iskar da ke ɗumama duniya daga makamashi take fitowa: kwal da man fetur da gas da ake ƙonawa domin lantarki da sufuri da masana'antu. Ko a metan ɗin ma, rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna cewa harkar mai da gas da kwal ce ke da kashi 35 cikin 100 na wadda ɗan Adam ke haddasawa, dabbobi na da kashi 32, bola da ruwan ƙazanta kashi 20, noman shinkafa kashi 8. Da duniya za ta daina cin nama gobe ta ci gaba da ƙona mai yadda take yi, zafi ba zai daina ƙaruwa ba. Rage nama taimako ne, ba ya tsayawa a madadin rage hayaƙin mai.

Wa ke cin naman?

A nan ne lissafin ya rabu gida biyu. Alƙaluman FAO sun nuna cewa naman da ke isa ga mutum ɗaya a Amurka ya haura kilo 120 a shekara. Matsakaicin duniya ya ɗan wuce kilo 40. Na ɗan Najeriya bai kai kilo 10 ba. Wato abin da Ba'amurke ke ci a wata guda ya kai abin da ɗan Najeriya ke ci daga Sallah zuwa Sallah. Wannan ma matsakaici ne, domin an haɗa mai sayen balangu kowane dare a Abuja da manomin da ke miyar kuka da daddawa zalla.

A 2019 wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta haɗa ya fitar da tsarin cimar da ya ce za ta dace da lafiyar mutum da ta duniya baki ɗaya. Tsarin ya ware giram 14 na jan nama da giram 29 na naman kaji a kullum, wanda idan aka tara ya kai kusan kilo 16 a shekara. Ma'aunin da ake roƙon Turawa su sauko zuwa gare shi, talakan Najeriya bai hau ya kai shi ba.

Ƙarancin kuma yana da illarsa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Kashi 68 na yara da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa na fama da ƙarancin jini. Nama da hanta da ƙwai da nono suna ɗauke da sinadarin ƙarfe da zinki da bitamin B12 a yanayin da jiki ke saurin ɗauka, kuma yaro ƙarami mai ɗan ƙaramin ciki ba zai iya cin tuwon da zai ba shi kwatankwacinsu ba. A gidan da yaro ke cikin wannan hali, shawarar likita ita ce a ƙara masa ƙwai da nono da ɗan nama.

Akwai kuma batun adalci. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya. Ɗan Najeriya na fitar da ɗan abin da ya haura rabin tan a shekara, Ba'amurke kuwa kimanin tan 14. Idan aka ce su biyun su ɗauki kaya iri ɗaya, an yi rabon kura.

Aikin da saniya ke yi a Utai

Masu auna iska a kan kowane kilo na nama sukan ɗauka cewa nama kaɗai ake nema a jikin dabba. A gonar kiwo ta Amurka haka abin yake. A Utai ba haka ba ne.

Utai na cikin yankin da masana ke kira ƙasar Kano mai cunkoson jama'a, inda aka shafe ƙarnoni ana noma gona ɗaya kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba. Marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru yana nazarin yadda ƙasar ke jure wannan nauyi, kuma amsar da ya samu tana da alaƙa da turke. Bayan girbi manomi kan kwashe harawar wake da ta gyaɗa da karan dawa da na gero ya adana. Dabbobi su ci, su mayar da shi taki. Kafin saukar ruwan sama a kwashe takin a mangala ko amalanke a kai gona. Gona ta ciyar da dabba, dabba ta ciyar da gona.

Bijimin da za a kai Kara wataƙila ya yi shekaru yana jan garma da amalanke, aikin da in ba shi ba sai tarakta mai shan dizal. Saniya na ba da nonon da ake dama fura, da man shanu. Akuya ita ce asusun matar aure, ranar da ciwo ko biki ko kuɗin makaranta ya taso ita ake kamawa. Fatar kuma tana da kasuwarta, domin majemun Kano sun daɗe da yin suna, kuma fatar jar akuyar Sakkwato ta shahara har Turai. Idan aka raba gyatsar dabbar a kan dukkan waɗannan amfanoni, kason da ya rage wa nama ba zai kai yadda ake zato ba.

Abincin dabbar ma daban ne. Ba a sare wani daji domin a noma mata waken suya ba. Kara da harawa da dusa da kowar wake da ciyawar bakin hanya take ci, abubuwan da mutum ba ya ci, waɗanda in an bar su wani lokacin wuta ake cinna musu. Ko a kan kowace dabba, ma'aunin da kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2006 ya ƙiyasta wa saniyar Afirka ta gama-gari kilo 31 na metan a shekara, saniyar tatsa ta Arewacin Amurka kuwa sama da kilo 120.

Game da makiyaya masu yawo, wani bincike da masana suka gudanar a yankin Ferlo na arewacin Senegal, aka wallafa a 2019, ya auna duk abin da dabbobi ke fitarwa da abin da ƙasa da itatuwa ke zuƙewa a tsawon shekara guda, ya tarar kusan kunnen doki aka yi. Sai dai bai kamata a miƙe ƙafa a kan wannan ba. Wani rahoto daga Jami'ar Oksfod a 2017 ya nuna cewa a faɗin duniya, kabon ɗin da filayen kiwo ke iya adanawa ba zai goge fiye da kashi 20 zuwa 60 cikin 100 na abin da dabbobin ke fitarwa ba, shi ma sai in yanayi ya dace.

Inda lissafin bai yi wa Najeriya daɗi ba

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Duk da cewa saniyar Afirka ba ta gyatsa kamar ta Amurka, idan aka raba iskar a kan kowace lita ta nono ko kilo na nama, ta Afirka kudu da Sahara na cikin mafi yawa a duniya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: tana ci tana gyatsa shekara da shekaru, amfanin da take bayarwa kuma kaɗan ne.

Farar saniyar Fulani, wato Bunaji, a kiwon gargajiya ba ta cika ba da fiye da lita ɗaya zuwa biyu a yini ba bayan abin da maraƙi ya sha, alhali saniyar tatsa a Turai na kaiwa lita 25 zuwa 30. Takan kai shekara huɗu zuwa biyar kafin haihuwar fari, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma kusan shekara biyu. Naman da dabba ta tara da damina da kaka, bazara na zuwa ta zubar da shi. Ciwon huhu da sammore da ciwon hanta na kashe wasu, su naƙasa wasu. Duk maraƙin da ya mutu yana ɗan shekara biyu, iskar da ya fitar ta hau sama, ba a samu ko tsoka ɗaya a madadinta ba.

Ga kuma yawa. Ana ƙiyasta shanun Najeriya da kimanin miliyan 20, tumaki da awaki kuwa sun haura miliyan 100. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa al'ummar ƙasar za ta haura miliyan 350 nan da 2050, kuma a ko'ina a duniya, da zarar aljihu ya yi nauyi, nama ne ke fara ƙaruwa a tukunya. Idan za a biya wannan buƙata ta hanyar ninka yawan dabbobi a kan tsarin da ake kai yanzu, metan za ta ninka, kuma burtali da mashaya da makiyayar da ake rikici a kansu yau ba za su ɗauka ba.

Shi ma mai kiwon yana cikin waɗanda sauyin yanayin ke fara bugu. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da garke-garke suka ƙare. Tafkin Chadi ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 idan aka kwatanta da girmansa na shekarun 1960. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma garuruwan da ke bakin Kogin Wudil sun san abin da ke faruwa idan ruwan Tiga da na Challawa suka cika suka batse. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa zuwa lokacin. Mai kiwo ba zai ce batun bai shafe shi ba.

Gyaran da ke hannun mai turke

Abin da ya sa lamarin ke da sauƙi a wannan yanki shi ne, hanyar rage iska ita ce kuma hanyar ƙara riba. FAO ta ƙiyasta a 2013 cewa za a iya rage iskar da kiwo ke fitarwa da kusan kashi 30 cikin 100 idan masu kiwo suka kwaikwayi waɗanda suka fi iya aikin a cikin maƙwabtansu, ba tare da an kawo wani sabon tsari daga waje ba.

A ɗauki misali da bijimai biyu. Na farko ya shekara biyar kafin ya kai nauyin yanka, saboda kowane rani sai ya rame. Na biyu ya samu harawa da dusa da tunkuza da ruwa mai tsabta da allurar rigakafi, ya kai wannan nauyi cikin shekara uku. Ko da na biyun ya ɗan fi gyatsa a kullum saboda ya fi ci, an rage shekara biyu cur na metan, kuma mai shi ya juya kuɗinsa da wuri. Kiwon turke da mutanen ƙasar Kano suka ƙware a kai, musamman gabanin Babbar Sallah, a kan wannan hikima yake.

Kayan aikin ma suna kusa. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika a Zariya ta daɗe tana aiki a kan irin dabbobi da ciyawar shukawa, kuma ita ta samar da kazar Shika Brown. Reshen cibiyar IITA na Kano ya yi aiki a kan irin waken da ke ba da ƙwaya da harawa a lokaci guda. Jihar Kano ta ƙaddamar da shirin bunƙasa noma da kiwo na KSADP da Bankin Raya Ƙasashen Musulunci ya tallafa, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 a 2022 domin shirin kiwo na L-PRES, sannan a watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya. A Wudil ɗin kanta akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote mai tsangayar aikin gona. Ma'aunin nasarar waɗannan duka shi ne ko malamin dabbobi da rigakafi da iri mai kyau sun isa turken da ke bayan gida a Utai.

Akwai darasi kuma a ƙetaren iyaka. A yankunan Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski maimakon tumɓukewa. An ƙiyasta cewa hakan ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo na kan gaba a cikinsu: yana zubar da ganye da damina don haka ba ya yi wa shuka inuwa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa abincin dabbobi ne a tsakiyar rani, jikinsa kuma rumbun kabon ne.

Sai batun hanya. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, kuma dabbobi kan yi tafiyar a cunkushe cikin tirela. Dizal ɗin motar ƙaramin kaso ne a lissafin iskar naman shanu. Babbar asarar ita ce ramar da dabba ke yi a hanya da waɗanda ke mutuwa kafin a isa. Mayanka ta zamani a kusa da Kara, da motoci masu sanyi, za su rage wannan asara, su kuma bar fata da ƙashi da ƙaho da ayyukan yi a Kano.

Rabon ma'aikaci da ɗan kasuwa

Duk wannan bai wanke mazauna birni masu hali ba. Akwai gidaje a Kano da Kaduna da Abuja da cin namansu ya kusa kama na Turawa: farfesu da safe, nama a miyar rana, tsire ko balangu da dare. Ga irin waɗannan, ragewa na da amfani ta fuska biyu. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa, irin su sosej, cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin hanji, ta kuma ce akwai yiwuwar yawan cin jan nama na yin hakan. Masana cima na ba da shawarar kada dafaffen jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako.

Ba sai an je nesa neman madadi ba. Ƙosai da alala da ɗanwake da awara da faten wake da ƙuli-ƙuli abincin gida ne masu furotin, ga kifi ga ƙwai. Kaza ma ta fi saniya sauƙi a kan yanayi, ko da yake kajin gidan gona masara da waken suya suke ci, don haka yawaitarsu na iya taɓa farashin hatsi a Dawanau.

Addini ma bai bar batun ba. Musulunci ya halatta nama, ya sunnanta layya da yankan suna, amma ya hana almubazzaranci, kuma an ruwaito a Muwaɗɗa ta Imam Malik cewa Sayyidina Umar ya ja kunnen mutane game da sabo da yawan cin nama. Naman da ake zubarwa a bola bayan walima da liyafar biki, ko wanda ya lalace a firji saboda ɗaukewar wuta, shi ne ya fi kowane tsada ga yanayi, domin an kiwata dabbar an yanka ba ta shiga cikin kowa ba. Al'adar raba naman layya ga maƙwabta da mabuƙata kuwa tana yin abin da masana ke nema: mai yawa ya rage, wanda ba shi da shi ya samu.

Mai sayen nama na iya duba abin da ke ƙarƙashin tukubar mai tsire. Itace da gawayin da ake gashi da su daga dazukan da suka rage a Arewa ake saro su, kuma a wasu kwatoci har yanzu da tsofaffin tayoyi ake babbaka, abin da ke cutar da mahauci da mai ci da iskar unguwa gaba ɗaya.

Gwamnati kuwa, da ta yi alƙawari a Gilasgo cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take zuƙewa nan da 2060, ta kuma kafa Dokar Sauyin Yanayi a watan Nuwamban 2021, tana da babban turke a gabanta. Ƙasar na cikin goma da suka fi ƙona gas a banza a rijiyoyin mai, kamar yadda rahotannin Bankin Duniya ke nunawa, kuma toshe wannan ɓarna ba ya buƙatar a cire tsoka daga kwanon kowa.

Amsar tambayar, ke nan, ta danganta da wanda ya yi ta. Ga wanda ke cin kilo 120 a shekara, rage nama na cikin manyan abubuwan da zai iya yi da hannunsa. Ga mai albashin da ke cin tsire kowane dare, ragewa za ta amfani jikinsa da aljihunsa kafin ta amfani duniya. Ga manomin Utai kuwa, gudummawarsa tana turke: bijimin da ya isa Kara cikin shekara uku maimakon biyar, maraƙin da bai mutu ba, saniyar da ta ƙara lita biyu, da gawon da aka bari ya girma a tsakiyar gona.